Ƙetaren gada: karatun aji da karatun fili

Duk shekara, idan damina ta ja baya aka fara haramar komawa lakwal, gidaje da yawa a Maradi da Damagaram da Tawa sukan yi sallama da ɗa ko ɗiya da ya ci jarrabawar bak, zai tafi jami'a. Ɗan kasuwa yana lissafin abin da tafiyar za ta ci masa, da hannun da zai rasa a shago. Ma'aikaci kuma yana lissafin shekarun da suka rage masa kafin ya yi ritaya, yana fatan yaron ya kama aiki kafin albashi ya tsaya. Lissafin nasu ya sha bamban, amma gargaɗin da suke yi a bakin tasha iri ɗaya ne: karatu aka aike ka, ba wasa ba. Abin da suke nufi da wasa shi ne ƙwallo da kokowa, da wasan kwaikwayo, da tarurrukan bita da ƙungiyoyin ɗalibai suke shiryawa bayan an tashi daga aji. Labarin wani ɗan Maradi, wanda yau furfura ta cika masa gemu, ya isa a auna wannan gargaɗi da shi, a ga inda ya yi gaskiya da inda ya gaza.

A lokacin da ya yi nasa karatun, mai neman ilimin boko mai zurfi a cikin ƙasa ba shi da wata alƙibla sai Yamai. An kafa cibiyar karatun a shekarar 1971, ta zama jami'a a 1973, sa'an nan a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni, masanin nan haifaffen Tasawa wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar hasken rana. Jami'ar tana Harobanda, a ƙetaren kogin Isa, kuma a wancan zamani gada ɗaya ce tak take haɗa ta da sauran gari, wato gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Duk wanda zai je aji daga cikin gari, ko zai je kasuwa daga ɗakin kwanan ɗalibai, sai ya bi ta kanta, tare da raƙuma masu ɗauke da itace da jakuna da masu kekuna.

Yaron ya ƙetare wannan gada a ƙarshen shekarar 1988, bayan tafiyar da ta haura kilomita 600, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Mahaifinsa Alhaji ne mai sayar da yadi a babbar kasuwar Maradi, wanda yake sarin kaya daga Kano ta hanyar Jibiya. Bai taɓa shiga lakwal ba, amma yana riƙe da bashin mutum hamsin a ka ba tare da ya ɓata ko dala ba. Dalilinsa na barin yaron ya karanci tattalin arziki a fili yake: ya gaji da biyan wani ya karanta masa takardun duwan da na haraji. Saboda haka da ya ce ban da wasa, ba don jahilci ya faɗa ba. Ya ga ƴaƴan maƙwabta da suka tafi babban birni suka dawo da dogon wando da dogon turanci, hannu kuwa babu komai.

Watannin farko sun yi wa yaron nauyi. A babban ɗakin karatu mutane ɗaruruwa ne, malami yana zuba Faransanci daga nesa, kowa ya duƙufa yana rubutu, ba mai duban na kusa da shi. A gidan cin abinci kuwa, ba tare da wata doka ta ce a yi haka ba, ƴan Maradi sukan ja benci ɗaya, ƴan Damagaram nasu, ƴan Doso da Tilaberi nasu, ƴan Agadas da Difa su ma a gefensu. Har ya yi wata uku bai yi hirar da ta wuce gaisuwa da wanda ba Bahaushe ba. Bai ƙi kowa ba, sai dai babu wani abu da ya tilasta masa.

Ƙwallo ce ta tilasta masa. An shirya gasa tsakanin sassan jami'a, sashensu ya rasa mai tsaron gida, shi kuwa dogo ne, aka ja shi yana turjewa. Hikimar irin wannan gasa ita ce ba a raba ƴan wasa bisa jiha, ana raba su bisa abin da suke karantawa. Sai ga shi masu tare masa baya su ne wani Bazabarme ɗan Tera, da wani Babarbare ɗan Maine Soroa, da wani Buzu ɗan In Gall. Mai tsaron gida kuwa dole ya yi ihu, kuma idan ƙwallo ta taho da gudu babu lokacin haɗa jimlar Faransanci mai kyau. Cikin makonni kaɗan ya iya cewa zo, da bari, da maza, da Zabarmanci, su kuma suka saba da tsawarsa ta Hausa. Likitoci sun fitar da su tun a zagaye na biyu, da ci uku ba ko ɗaya. Amma daga ranar, idan ya shiga gidan cin abinci, benci biyu ne suke kiransa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wasa yana kashe jihanci gaba ɗaya. Idan lokacin kokowar takobi ya zo, kowa yakan koma gidansu. Tun da aka soma wannan gasa a Tawa a shekarar 1975, a zamanin Seyni Kountché, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, ba a taɓa yin wani wasa da ya kama zukatan ƴan Nijar kamarta ba. A ɗakunan ɗalibai ana kewaye rediyo guda, wanda yake karatun likita da wanda yake karatun shari'a duk su manta da digirinsu, ana gardama, ana gori, wani lokaci har a kwana ba a magana. Yaron ya lura da wani abu a nan: gorin da ake yi tsakanin waɗanda suka riga suka yi gumi tare a fili ɗaya yakan ƙare da dariya da shayi, na waɗanda ba su san juna ba shi ne yake zama gaba. A makon al'adu kuma, da aka zuba rairayi aka kira makaɗa, ya ga ɗalibin da ya fi kowa maki a ajinsu ya sha ƙasa a hannun wani da ake yi wa kallon daƙiƙi, wanda ya kayar ɗin ya miƙa hannu ya tashe shi, kamar yadda al'adar fage ta tanada.

Shigarsa ƙungiyar wasan kwaikwayo ma ba don gwaninta ba ce. An ce ɗan Alhaji ne, ya san kuɗi, aka naɗa shi ma'aji. Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne ga ƴan zamaninsa. Sun tashi a lokacin da aka farfaɗo da samariya, kowane gari yana da gidan matasa, jihohi suna karawa a bikin matasa na ƙasa, kuma babu gidan da ba a san muryar Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram ba. A cikin malaman jami'ar kanta akwai André Salifou, masanin tarihi, wanda ya rubuta wasa a kan Tanimu sarkin Damagaram. Abin da ɗalibai suka ƙara shi ne ƙarfin hali. Bayan rasuwar Kountché a 1987, da Ali Saibou ya sassauta riƙo, abin da ba a iya faɗa a takarda sai a sa shi a bakin wawan sarki ko mahaukacin kasuwa, da Hausa da Zabarmanci, masu kallo kuma su gane.

Aikin ma'aji ba shi da tafi. Ya sayi ƙaramin littafi, ya ja layi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita: kuɗin karo-karo, hayar lasifika, ɗinkin riguna, ladar makaɗi, man fitila. Ya koyi rubuta takardar neman izinin ɗaki, da ta neman taimako wurin ƴan kasuwa, ya kuma koyi zaman jira a ƙofar biro har a kira shi. Wata rana, bayan wasa, wani ya miƙe a taro ya ce jika biyu sun yi ɓatan dabo. Jikinsa yana rawa ya buɗe littafin, ya karanta layi bayan layi a gaban mutum talatin, har aka iso inda aka biya mai kura da ya ɗauko benci. Wanda ya yi zargin ya zauna. A aji an koya masa lissafin kamfanoni da ba su wanzu ba, amma ranar ce ya soma sanin ɗacin riƙon kuɗin jama'a.

Daga baya wanda yake fitowa a matsayin Alhaji ya kwanta ciwo, aka ce ma'aji ya maye gurbinsa. Alhajin wasan marowaci ne, jahili, mai hana ɗiyarsa lakwal. Yaron bai sha wahalar koyo ba. Ya ɗauko tafiyar mahaifinsa, da yadda yake gyara babbar riga a kafaɗa, da yadda yake kaɗa carbi idan ana ciniki. Ɗaki ya ɗauki dariya har ana buga benci. Shi kuwa da ya koma makwanci barci ya ƙi zuwa, domin ya gane cewa ya sayar da mutumin da yake ciyar da shi, a kan tafi. Washegari ya ce wa abokansa ba zai sake hawa ba sai an gyara wasan. Aka yi ta ja-in-ja, wasu suna cewa gyaran zai kashe dariya. A ƙarshe aka ba Alhaji dalili: ya taɓa sa babban ɗansa lakwal, yaron ya dawo yana jin kunyar zama a shago, yana gyara wa ubansa magana a gaban baƙi. Dariya ta ragu a wasa na biyu, amma bayan an tashi mutane sun tsaya a waje suna musu a kan wane ne mai laifi.

Tarurrukan bita sun fi yawa a gab da babban hutu, lokacin da ƙungiyoyin ɗaliban kowace jiha suke shirin ayyukan da za su yi a gida. Masu karatun likita suna koya wa sauran yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo. Masu karatun noma suna nuna yadda ake renon iri a leda, domin dashen itatuwa na ranar 3 ga watan Agusta. Shi ya zaɓi bitar yaƙi da jahilci, yana ganin ita ce mai sauƙi. Da mai koyarwa ya ce kowa ya rubuta jimla biyar da harshen uwarsa, sai mai takardar bak ya kasa bambanta ƙ da k, ya rubuta sautin u da haruffa biyu irin na Faransanci. Shekara goma sha uku yana lakwal, ba a taɓa neman ya rubuta Hausa ba. Kwana shida ya yi yana koyon baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma a wannan hutu ya zauna a wani zaure a Maradi yana koya wa masu tura kura da ƴan tebur rubuta sunansu da lambobi.

Sa'an nan ranar 9 ga Fabrairu 1990 ta zo. Ɗalibai, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka fito za su ƙetare gada su shiga gari, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da za su taɓa ilimi. Aka buɗe musu wuta, uku suka rasu, da dama suka ji rauni. Wannan jini yana cikin abin da ya kai ƙasa ga jam'iyyu da yawa, da babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli 1991, wanda André Salifou ya shugabanta, ɗalibai kuma suna da murya a cikinsa. Wanda ya halarci waɗannan kwanaki ya san cewa da yawa daga masu iya tsayawa gaban dubban mutane su yi magana ba tare da murya ta karye ba, a dandalin wasa suka soma. Wata ɗaliba ƴar Damagaram, wadda da farko ba ta yarda ta hau dandali sai an ba ta matsayin da ba a magana, tana cikin matan da suka yi maci ranar 13 ga Mayu 1991, suna neman a ƙara yawan mata a kwamitin shirya taron. Wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar.

Amma a nan ne gargaɗin iyaye yake da gaskiyarsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Shekarun 1990 sun zo da yajin karatu da jinkirin kuɗin bursi, har aka yi asarar shekarun karatu, abin da ake kira farar shekara. A irin wannan yanayi fili yana da daɗi, aji kuwa ba shi da tabbas. Abokin ɗakin yaron, wanda ya fi shi kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ya shiga ƙwallo, ya shiga wasa, ya shiga kwamiti uku, kullum yana da taro. Ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, ya fita babu takarda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Abin da ya tsare ɗan Alhaji ba wayo ba ne, tsoron mahaifinsa ne: ya sa wa kansa doka cewa wata guda kafin jarrabawa ba ya taka fili, ko da za a kira shi maci amana.

Duk da haka labari ya kai Maradi, domin direbobin tasha ba su riƙe sirri. Da ya zo hutu, Alhaji ya bari har aka yi sallar isha'i, ya kira shi zaure.

"An ce ka zama ɗan kama a Yamai. Har ni kake kwaikwayo."

"Baba, na yi. Amma na gyara."

"Kai, yaro. Ana gyara abin da aka riga aka yi wa dariya?"

Bai sami amsa ba. Ya ɗauko takardar sakamakon jarrabawa ya ajiye, ya ɗauko littafin ma'aji ya ajiye kusa da ita. Alhaji bai dubi ta farko ba, tun da ba ya karanta ta. Littafin ya ɗauka, ya sa aka karanta masa shafi biyu, ya tambayi dalilin da ya sa aka biya tela kafin ya gama aiki. Daga nan ya miƙe ya shiga gida. Bai ce ya yafe ba, bai kuma sake hana shi ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa zuwa kallon wasa ba.

Yaron ya kammala a lokacin da gwamnati ta daina kwasar duk mai digiri aiki kai tsaye kamar da. Ya yi bautar ƙasa, ya jira, shiru. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashi ya rikice, kasuwar kan iyaka ta shiga ruɗani, masu bashi da masu bin bashi kowa yana kuka. Ya koma shagon da ya yi zaton ya bari har abada. Digirin ya taimake shi ya fahimci abin da ya faru da kuɗin. Amma da ƴan kasuwar layinsu suka so kai kukansu gaban hukuma, abin da suka nema shi ne wanda zai rubuta takarda da Faransanci, ya karanta musu ita da Hausar da za su yarda da ita, ya tara karo-karo ba a zarge shi ba, ya kuma tsaya gaban mai mulki ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. Bai yi arzikin a zo a gani ba. Ya dai riƙe gidan, kuma idan kayansa suka maƙale a Gaya ko a Yamai, akwai tsofaffin masu tare masa baya da yake iya bugawa waya.

Yau abubuwa sun sauya. Tun daga 2010 Maradi da Damagaram da Tawa suna da jami'o'insu, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Wannan alheri ne ga aljihun iyaye, sai dai yana da nasa haɗari: yaro yana iya yin karatunsa tun daga ajin farko har digiri bai kwana a wata jiha ba. Gadar da ta tilasta wa na da haɗuwa ba ta kan hanyar kowa yanzu, saboda haka gasa da tarurrukan da suke haɗa ɗaliban jami'o'i sun ƙara daraja. Ƙasar da ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a 2005, ta kuma ga Abdoul Razak Alfaga ya ciyo lambar azurfa a Rio a 2016, ta san cewa wasa yana iya ɗaga tuta. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, harshen da a zamanin yaron ba shi da wuri a jami'a sai a dandali da zauren bita, in ban da sashen nazarin harsuna.

Shekarun baya kaɗan ɗiyarsa, wadda take karatu a jami'ar Maradi, ta same shi ta ce: "Baba, ƙungiyarmu ta muhawara za ta je Tawa, kwana huɗu. An sa sunana." Mutumin da ya san amfanin fili fiye da kowa a layinsu ya ji kalmar a'a ta hau masa harshe. Ya tuna da abokin ɗakinsa. Ya tuna da hatsarin hanya, da bakin mutane a kan ɗiya mace, da abin da surukai za su ce wata rana. A wannan dare ya fahimci mahaifinsa fiye da yadda ya fahimce shi a kan dandali. Kwana biyu yana juya maganar. A na uku ya tambaye ta malamar da za ta raka su, da inda za su sauka, da ranar jarrabawarta, sa'an nan ya ba ta kuɗin mota, ya ce idan an tashi zaɓen ma'aji kada ta gudu.

Ga iyayen da za su raka nasu tasha bana, ba a ce su janye gargaɗinsu ba, domin takarda ita ce aka je nema, kuma wanda ya dawo babu ita ya yi asara. Abin da ya kamata a ƙara shi ne tambaya. Idan yaro ya zo hutu, bayan an ga maki, a tambaye shi da wa yake cin abinci, wane nauyi aka taɓa ɗora masa, kuma ya sauke ko bai sauke ba. Ma'aikacin da yake da iko a biro, idan ƴan makaranta suka zo neman ɗaki ko fili, ya tuna cewa jiran da suke yi a ƙofarsa ma darasi ne, kada ya tsawaita shi fiye da kima. Ɗan kasuwar da suka kawo wa takardar neman taimako, ya ba su abin da ya sawwaƙa, ya kuma ce su dawo su nuna masa lissafi. Allah ya yi wa karatun ƴaƴanmu albarka, ya dawo mana da su lafiya.